Mitocin Modbus na ɗaukewa, ina matsalar take?

Malam ka ce mitoci 8 masu aiki da Modbus (yaren da na'urori ke magana da juna) ka jona wa PLC (kwamfutar da ke sarrafa injina) ta RS-485 (tsarin wayar da ke kai bayanai tsakaninsu) amma wasu na ɗaukewa suna dawowa. Wallahi nima na sha wannan wahalar, kafin ka zargi furogiram duba wayar tukuna, RS-485 ba ya son rassa, a jere ake bin mitocin kamar carbi, sannan ka sa resisto (ɗan ƙaramin abin da ke rage ƙarfin lantarki) mai om 120 a farkon layin da ƙarshensa kawai. Gudun aika bayanai ma ya zama ɗaya, in 9600 ne kowa 9600, kuma kar biyu su haɗa adireshi. Mu tamu wayar hanya ɗaya ta bi da ta inbata (na'urar da ke sarrafa gudun inji), inji na tashi komai ya ɗauke, muna raba su ta daina.