Dalilin da ya sa maƙera ke kwanar da ƙarfe a cikin toka

Ɗana, saƙonka ya iso, Allah ya yi maka albarka. Ka ce tun da ka fara koyon ƙira kake ganin abu guda: in an samo tsohon magagari ko fallen sifirin ɗin mota za a yi aiki da shi, sai a gasa shi ya yi ja, a tura shi cikin toka, a ce kada wanda ya taɓa sai gari ya waye. Kana tambaya ko camfin mutanen da ne, tunda ƙarfe mai ƙwari ake nema, me zai sa a ɓata dare guda ana kashe masa ƙarfi. To, ba camfi ba ne. Manyan masana'antun ƙarfe ma abin da suke yi ke nan har gobe, sai dai su da tanda mai ma'aunin zafi suke yi, maƙeri kuwa da toka da idonsa.

Fara da sanin abin da ke hannunka. Abin da ke bambanta wani ƙarfe da wani shi ne yawan kabon, wato sinadarin gawayi, da ke cikinsa. Wanda bai kai kashi 0.3 cikin ɗari ba, irin wanda ake haɗa ƙofa da taga da shi, wannan ba ya buƙatar toka, yana lanƙwasuwa a sanyi, kuma ko ka ba shi ruwa, wato ka gasa shi ka tsoma a ruwa ko mai, ba zai yi taurin kirki ba. Daga 0.3 zuwa 0.6 matsakaici ne. Daga 0.6 zuwa kashi ɗaya ko sama kaɗan, nan ne sifirin da kurfi da magagari suke, kuma su ne masu gardama. In ka ga lamba irin 1045 ko 1095 a takardar ƙarfe, alƙaluma biyu na ƙarshe su ne kabon: 0.45 da 0.95. Yawancin sifirin ɗin mota dangin 5160 ne, kabon 0.6 da ɗan kuromiyam, wani ƙarfe da ake gauraya masa. In babu takarda, ɗora shi a dutsen washi na inji ka kalli tartsatsi. Dogaye marasa rassa, kabon kaɗan ne. Masu fashewa suna yin rassa birjik, kabon da yawa.

Yanzu ga abin da ke faruwa a ciki, kuma in ka riƙe wannan, sauran duk za ka iya gano su da kanka. Idan zafi ya wuce digiri 727 a ma'aunin Salshiyas, tsarin ƙwayoyin ƙarfen yana sauyawa, kabon ya narke ya bazu a cikinsa, alhali ƙarfen yana nan a daskare. Wani masanin ƙarfe ɗan Rasha, Dmitri Chernov, shi ya bayyana waɗannan matakan zafi a 1868, amma maƙera sun daɗe suna aiki da su da ido. Abin da ƙarfen zai zama ya rataya ne ga yadda ya sauko daga wannan zafi. In ka tsoma shi a ruwa ko mai, kabon bai samu sararin fita ba, sai ya maƙale, ƙarfen ya yi tauri har magagari ya riƙa zamewa a kansa, ga kuma gautsi. In ka bar shi ya huce sannu a hankali, kabon yana samun lokacin warewa, ya jeru falle-falle: falle mai laushi na ƙarfe kusan zalla, falle mai tauri na ƙarfe haɗe da kabon. Gwargwadon jinkirin hucewa, gwargwadon kaurin fallayen da tazararsu, gwargwadon laushin ƙarfen. Aikin toka ke nan, riƙe zafi. Ba ta ƙara wa ƙarfe kome, ba ta cire masa kome.

Wajen gasawa, kada ka jefa ƙarfe mai sanyi tsakiyar wuta kana zuga da ƙarfi, musamman magagari, domin dama a taurare yake, zafin farat ɗaya na iya tsaga shi. Ɗumama shi a gefen wuta tukuna, sannan ka matsar, kana juyawa, har launin ya zama ɗaya daga kai zuwa gindi. Ka aje mayen ƙarfe kusa. Ƙarfe yana daina kama mayen ƙarfe a wajen digiri 770. Ga magagari da duk mai kabon da yawa, da zarar ya daina kamawa ka tsaya nan, tsakanin 760 da 790 ya isa. Ga matsakaici irin 1045 sai ka ɗan ƙara, ya haura 800 kaɗan, jan ya ƙara haske. Gishiri yana narkewa a 801, don haka in ka barbaɗa kaɗan ka ga ya zama ruwa, ka san inda kake. Kuma launi a inuwa ake dubansa. A hasken rana, ƙarfen da ya riga ya wuce gona da iri sai ka gan shi kamar bai yi ja ba. A masana'anta suna riƙe shi a wannan zafi kamar awa ɗaya ga kowane milimita 25 na kauri. A maƙera, siririn ƙarfe 'yan mintoci sun ishe shi, muddin zafin ya ratsa cikinsa.

Tokar ta zama busasshiya ƙarau, tankaɗaɗɗiya, a cikin mazubin ƙarfe, kuma ta rufe shi aƙalla taƙi guda ta kowane gefe. Toka mai danshi ban ruwa ce a ɓoye, za ta taurara maka wani wuri ta bar wani. Daga wuta zuwa toka kada ka tsaya magana. Siraran ƙarafa su ne ke ba mutane kunya, don ba su da jikin da zai riƙe zafi. Maganinsu, ka gasa manyan ƙarafa biyu tare da su, ka sa siririn a tsakiya, ka binne su gaba ɗaya. A tandar masana'anta, zafin yana sauka kamar digiri 20 a awa har ya kai wajen 600. Tsakanin 727 da 600 ɗin nan ne duk aikin yake gudana, wato awannin farko. Cewa da ake yi sai da safe, hanya ce ta hana mai garaje tonowa ya leƙa, domin leƙe ɗaya a wannan lokacin ya isa ya ɓata aikin. Da safe ka gwada da magagari a wurare uku ko huɗu. In ya ci ko'ina, to. In ya zame a wani wuri, sake daga farko, kada ka yi jayayya da shi da zarto.

Sai dai al'adar tana da inda ta tsaya, kuma ina so ka san wurin. Ƙarfen da kabon ɗinsa ya haura 0.8, in ka gasa shi ya kai ruwan lemo sannan ka binne, rarar kabon tana taruwa a kan iyakokin ƙwayoyi, ta kewaye kowace ƙwaya da bango mai gautsi. Magagari zai ci shi, ka ce ya yi laushi, kana lanƙwasawa ya karye ƙas. Ga kuma wani lahanin: yawan zafi yana sa ƙwayoyin su girma, ƙarfe mai manyan ƙwayoyi kuwa ba ya jure duka. Gyaran duka biyun ɗaya ne. Gasa shi ya wuce inda mayen ƙarfe ya saki sosai, wajen 850 zuwa 900 ga irin 1095, ka fitar ka bar shi a iska marar kaɗawa har ya yi baƙi. Maimaita sau biyu ko uku, kowane zagaye zafin bai kai na baya ba. Duk ƙarfen da ya sha masaba a wuta, a yi masa wannan kafin toka.

Laushi na ƙarshe kuwa, wanda ya fi na toka, ana samunsa ne ba tare da an haura 727 ba. A riƙe ƙarfen tsakanin 650 da 700, ja mai duhu wanda sai a inuwa ake ganinsa, mayen ƙarfe yana nan yana kamawa. In ya daɗe a nan, fallayen nan masu tauri suna gutsuttsurewa su dunƙule, su zama kamar tsakuwa a cikin yumɓu: ka murɗa yumɓun yadda kake so, tsakuwar ta bi shi. A masana'anta abin yakan ɗauki awa 15 zuwa 25, kuma da haka ake shirya ƙarfen da za a matsa a inji a sanyi. Wutar gawayi ba ta riƙe zafi ɗaya tsawon haka, don haka maƙeri sai ya kai shi wannan duhun jan, ya bar shi ya huce, ya sake, sau da yawa. Wanda aka riga aka ba ruwa ya fi saurin dunƙulewa, shi ya sa tsohon magagari ke amsa wannan hanya da kyau.

Akwai waɗanda toka ba ta iya musu, irin bakin injin huda ƙarfe da sauran waɗanda aka gauraya musu ƙarfen tangistin ko kuromiyam da yawa. Waɗannan ko a iska taurara suke yi, sai tanda. Ka kuma kula da iska: in ka cika zuga, ƙarfen yana yin ɓawo, kabon ɗin fatarsa ya ƙone, daga baya ka ba shi ruwa baki ya ƙi kamawa. Rufe shi da gawayi, ka kuma bar ɗan rarar kauri da za ka goge. Kwal mai farar wuta da yawa yana ɓata ƙarfe ya riƙa tsattsagewa yana ja. Ƙarfen da aka yi wa rufin tutiya kuwa kada ka sa shi wuta ko kaɗan, hayaƙinsa yana kwantar da mutum.

Wajen lanƙwasa, in da hali yi shi da zafi, daga ruwan lemo zuwa ja mai haske, ka daina da zarar jan ya dushe. Mafi haɗari shi ne tsakanin 200 da 350, lokacin da gogaggen ƙarfe ke yin shuɗi. A nan yana da gautsi fiye da yadda yake a sanyi, kuma a nan ne mai cewa bari in ƙara duka ɗaya yake tsaga aikinsa. In a sanyi za ka lanƙwasa, goge gefuna su yi sumul, don tsaga daga ƙarzo take farawa a bayan gwiwa. Kada ka yi kusurwa mai kaifi, naɗe shi a jikin rodi mai kauri. Ɗan wuce inda kake so, domin zai ɗan dawo. In ka ji ya fara ƙin tafiya, aikin ne ya taurara shi, mayar da shi wuta zuwa 550 ko 650, ya huce, ka ci gaba.

Ƙarfin da kake jin tsoron an kashe yana nan, tunda kabon bai je ko'ina ba. In siffa ta kammala, gasa shi ya ɗan wuce inda mayen ƙarfe ya saki, ka ba shi ruwa. Sirara da dangin sifirin a mai, ruwa yana tsaga su. Tsoma shi a miƙe, ka motsa sama da ƙasa, ba gefe da gefe ba, don kada ya karkace. Kada ya kwana a haka. Goge shi ya yi fari, ka ɗumama a hankali kana kallon launi: rawaya mai haske wajen 220 zuwa 240 ga abin yanka, ruwan ƙasa zuwa shunayya wajen 260 zuwa 280 ga abin sara, shuɗi wajen 300. Abin da ake so ya lanƙwashe ya dawo, irin sifirin, yakan wuce haka zuwa wajen 400. Duk zafin da ka ƙara, kana rage tauri kana sayen juriya, sai ka zaɓi inda aikin yake buƙata.

Duk lokacin da ka samu ƙarfen da ba ka sani ba, yanki ɗan guntu ka bi da shi duk waɗannan matakai kafin ka taɓa babban. Bayan ban ruwa, ka kare idonka, ka karya guntun ka dubi bakin karayar. In launin toka ne mai santsi, ba ka iya rarrabe ƙwayoyi, zafinka ya yi daidai. In ka ga manyan ƙwayoyi suna ƙyalli, wutarka ta yi yawa, sai ka rage ta a babban aikin.