Amsa ga Alhajin Bunza: fikafikan injin feshi, alminiyon ko baƙin ƙarfe?

Assalamu alaikum 'yan zaure. Alhaji, na ga tambayarka tun jiya da dare, kan injin feshin da ake ɗaura wa tarakta: ka ce kana da hekta wajen 40 na shinkafa da masara, an nuna maka biyu, mai fikafikan alminiyon (wato dogayen hannuwan da bakunan feshi ke jere a kansu) da mai na baƙin ƙarfe, duka mita 12, kana neman wanda za ka ɗauka. Na yi aiki da duka biyun a fadamar Suru, bari in faɗa maka abin da idona ya gani.

Kafin ka tambayi mai sayarwa komai, ka fara tambayar kanka: idan fiffiken nan ya karye ranar Talata da hantsi, wa zai ɗinke mini shi kafin la'asar? Don zai karye, Alhaji. Gonakinmu ba shimfiɗaɗɗu ba ne kamar na Amurka da ake nunawa a bidiyo. Ga kunya, ga gawo da ɗorawa a tsakiyar gona, ga kututture ya ɓuya a ciyawa, ga yaron tarakta da ke sauri don ya kai gona ta gaba.

Ni na farko da na saya na alminiyon ne, na hannu, wanda aka shigo da shi daga Turai. Gaskiya ya yi kyau, ba tsatsa ko ɗigo, mutum ɗaya yana naɗe shi ba tare da nishi ba. Damina ta biyu sai na ga wani ɗan siririn layi kamar gashi a gindin fiffiken dama, daidai inda yake naɗewa. Na ce datti ne, na sa yatsa na goge, bai gogu ba. Kwana uku bayan nan, ƙafar tarakta ta faɗa wani rami, fiffiken ya yi sama ya dawo, sai ji muka yi ƙas. Muka ɗaure shi da igiya muka nufi Jega. Mai waldan da na saba da shi ya juya shi, ya ƙwanƙwasa, ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba aikina ba ne, in na sa masa wutata narkewa zai yi." Ya yi gaskiya. Alminiyon injinsa daban ne, da iskar agon ake masa walda, kuma masu shi ba su da yawa a nan. Sai da na loda shi zuwa Kano. Kafin ya dawo lokacin fesa butachlor, maganin ciyawa, ya wuce, tunda shi cikin kwana biyu zuwa uku bayan shuka ake fesa shi, kafin ciyawa ta fito. Sai 'yan ƙwadago na ɗauka da famfon goyo, na biya sau biyu.

Abin da ya fi ba ni haushi, bayan wata biyu ya sake tsagewa, ba a kan waldan ba, a gefensa. Daga baya na fahimci dalili: zafin walda yana kashe ƙarfin alminiyon a kewayen wurin, kuma shi ba ya jure yawan girgiza kamar ƙarfe, a hankali yake gajiya har ya tsage ba sallama. Baƙin ƙarfe kuwa yakan lanƙwashe ne tukuna. Ka hura masa wuta, ka buga da guduma, ka ɗora masa faci, ka koma aiki.

Maganar nauyi da ake ta yi, gaskiya ce amma da sauranta. Alminiyon kusan kashi ɗaya cikin uku ne na nauyin ƙarfe, 2.7 a kan 7.8. Sai dai taurinsa ma kusan kashi ɗaya cikin ukun ne, dole a ƙara masa kauri, don haka rangwamen bai kai yadda ake zato ba. Kuma ka duba: tankinka lita 600 ne, wato kilo 600 na ruwa kaɗai a bayan tarakta. Bambancin fikafikai a mita 12 bai kai ya hana tarakta irin MF 375 barci ba. Inda alminiyon ke cin kuɗinsa shi ne manyan injuna masu mita 24 zuwa sama, inda nauyin bakin fiffike ke zama matsala ta gaske. Mu ba mu kai can ba. In kana fesa lita 200 a hekta, tanki ɗaya hekta 3 ne kacal, ɗebo ruwa ne zai cinye maka rana, ba nauyin fiffike ba.

Aibin ƙarfe ɗaya ne, tsatsa, kuma ba ƙarami ba ne. Takin yuriya da aka narkar a ruwa yana cinsa kamar gara. Nawa na ƙarfe na yanzu, duk ranar da aka yi feshi sai an wanke shi da ruwa mai kyau kafin yaro ya tafi gida, in ba haka ba babu kuɗin abinci. Da kaka kuma mu kankare, mu shafa jan fenti, mu sa giris a mahaɗai, mu ajiye a rumfa. Na sa an huda ƙananan ramuka a ƙarƙashin bututun ƙarfen fiffiken don ruwa ya daina kwana a ciki, don daga ciki tsatsa ke farawa. Af, kada wani ya dama maganin ciyawa na glyphosate a durom na ƙarfe ko mai ruwan kwano, an rubuta a jikin jarkar, yana fitar da iska mai kama wuta. A roba ake damawa.

Don haka ni ƙarfe zan ce ka ɗauka. Amma ka duba ko bakin fiffiken yana da sifirin ɗin da ke barinsa ya kauce baya in ya bugi itace, wannan ya fi mini komai. Ka ƙirga bakunan feshin, 24 ne a tazarar santimita 50, kuma ka tabbatar ana samun irinsu a Birnin Kebbi. In za ka shigo Suru ranar kasuwa ka yi mini magana, in nuna maka tsohon alminiyon ɗin, yana nan jingine a bayan rumbu, kaji ke kwana a kansa.