"Elope": gudu da masoyi ne ko sata?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni sabuwar mai fassarar labarai ce. Makon jiya na fassara "she eloped with him" da "ya sace ta". Shugabana ya kira ni ya ce na ɗora wa mutum laifin da labarin bai ɗora masa ba, kuma irin wannan na iya kai mu gaban alƙali. Tun daga ranar hankalina bai kwanta ba. Ashe ba ma'anar kalmar ke nan ba? Haka nake ji ana fassara ta.

Amsa: Malama, ki kwantar da hankalinki, amma gaskiya tana wajen shugabanki. "Elope" na nufin masoya biyu su tsere a ɓoye don su yi aure, galibi saboda iyaye ba su yarda ba. Tunda kina fassara, kin san aikatau ƙi-karɓau, wato wanda aikinsa ba ya faɗawa kan wani. To kalmar nan ma haka take: ba a yi wa mutum ita, shi ke yi da ƙafarsa. Shi ya sa a jimlarki macen ce mai aikatawa. Da kin ce "ta gudu da shi" ko "sun tsere don su yi aure", da an wuce wurin.

Kalmar daga Faransancin kotunan Ingila ta fito, kuma da farko matar aure ake nufi, wadda ta bar mijinta ta bi kwarto. Dokar Westminster ta 1285 ta hana irin wannan mata rabonta daga filin mijin idan ya mutu bai mai da ita ba. Ma'anar saurayi da budurwa daga baya ta zo. A 1753 majalisar Birtaniya ta yi wa Ingila dokar da ta ce wanda bai kai shekara 21 ba sai da yardar iyaye zai yi aure, dokar kuwa ba ta shafi Sikotilan ba. Sai masoya suka riƙa tsallaka iyaka zuwa ƙauyen Gretna Green na Sikotilan, inda har maƙeri kan ɗaura aure a bakin maƙerarsa.

Yanzu bari in zo kan abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Kuskurenki mai sauƙi ne, domin ana iya gyara shi da neman afuwa. Wanda ya fi muni shi ne kishiyarsa, kuma kusan kullum sai na ci karo da shi: a ɗauke yarinya da ƙarfi ko da yaudara, mai rubutu ya zo ya ce ta yi "eloping", mai fassara kuma ya bi shi ido rufe ya ce "ta gudu da saurayinta". Wane saurayi? Cikin kalmar nan akwai yarda. Duk wanda ya yi amfani da ita ya riga ya yanke hukunci cewa yarinyar da ranta ta tafi. Da zarar an buga haka, masu nema sai jikinsu ya yi sanyi, maƙwabta su koma tsegumi, iyaye su rufe baki don kunya, wanda ya ɗauke ta kuma ya samu abin kāre kansa kyauta. Idan ƙaramar yarinya ce ma, maganar yarda ba ta taso ba, ko da ita ta buɗe ƙofa da hannunta. Sunan wannan sacewa, Turanci kuma yana da "abduct" da "kidnap" dominsa.

Abin haushin, masu yin haka ba jahilai ba ne. Ganda ce. Su buɗe manhajar fassara a waya, abin da ta tofo musu su kwafa, ko su ji jita-jita a Facebook su mai da ita kanun labari. Ka tambaye su wa ya ce ta yarda, su ce ai haka majiya ta faɗa. Wace majiya? Ta yi magana da yarinyar? In ba a san yadda ta tafi ba, a rubuta "ta ɓace" ko "ba a gan ta ba tun ranar kaza", a jira bincike.

Kada kuma ki haɗa "elope" da yaji. Mai yaji gida take komawa don fushi da miji, ba wani take bi ba.

Sai ki lura da wanda ke magana. Ba'amurke a yau in ya ce shi da matarsa sun yi "eloping", sau da yawa ba wanda suka guje wa sai taro da kashe kuɗi: sun je Las Vegas ko ofishin rajista da shaidu ƙalilan, wataƙila ma iyaye sun sani. Nan sai ki ce "sun yi aure ba biki". A takardun asibiti kuwa "elopement" na nufin majinyaci ya sulale ba a sani ba, kamar tsoho mai ciwon mantuwa, babu batun aure sam.

Game da labarinki, ki koma wurin shugabanki yau ki nemi a buga gyara a inda aka buga na farko, a faɗi ƙarara cewa kuskuren daga fassara ne.