Dole ne kowane soja a rundunar laima ya iya dira?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na karanta cewa a rundunonin sojojin laima akwai direbobi, masu dafa abinci da ma'aikatan ofis da ba su taɓa dirowa daga jirgi ba. Ashe ba dole ba ne duk wanda ke irin wannan runduna ya ci kwas ɗin dira? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. A ganinmu aikin mutum ne ya kamata ya yanke hukunci, ba sunan rundunarsa ba. Duk wanda sunansa zai shiga jerin masu dira ranar yaƙi, dole ya ci kwas, ko likita ne ko mai riƙe da rediyo ko kwamandan bataliya. Wanda kuwa zai iso bayan an kama filin jirgi, shi da manyan motoci, ba a bukatar a kashe kuɗi da lokacin jirgi a kansa.

Tun asali ma haka abin yake. A watan Yunin 1944, lokacin da rundunonin Amurka na 82 da 101 suka sauka a yankin Normandi na Faransa, wani ɓangare na sojojinsu ya iso ne cikin jirage marasa inji da ake ja da igiya. Runduna ta 101 har yau tana riƙe da tsohon sunanta na rundunar laima, amma da jirage masu saukar ungulu take aiki.

Me ya sa babu sassauci ga masu dirar? Sai mutum ya dubi cikin jirgin. Jirgin dakon soja samfurin C-130 na ɗaukar sojan laima 64, ƙofa biyu, kowace ƙofa mutum 32. Jirgin na gudun kusan kilomita 240 a awa, wato a kowace daƙiƙa yana cin kimanin mita 67, kuma daƙiƙa ɗaya ce tsakanin soja da na bayansa. Idan mutum ɗaya ya yi turus a bakin ƙofa na daƙiƙa biyar, ya ture duk na bayansa gaba da fiye da mita 300. Na ƙarshen layi sai su wuce filin dira, su faɗa kan bishiyoyi ko cikin ruwa, ko kuma jar fitilar dakatar da dira ta kama su a cikin jirgi a koma da su. Tsoron mutum ɗaya ya rage wa kwamanda sojoji tun ba a harba harsashi ba.

Ga abin da kwas ɗin ke cusawa. A makarantar laima ta sojojin Amurka da ke jihar Jojiya sati uku ake yi. Satin farko a ƙasa, ana koyon ɗaura ɗamara, fita daga ƙofar gwaji da faɗuwa. Na biyu a hasumiya mai tsayin kimanin mita 10. Na uku kuma dira biyar daga tsayin mita 380. Faransawa a makarantarsu ta garin Pau dira shida suke nema.

Laimar ba soja ke buɗe ta ba. Igiya ce mai tsawon mita huɗu da rabi, yana maƙala ƙugiyarta a wayar da ke cikin jirgi, nauyin jikinsa ne ke fizgo laimar daga jaka. Nasa shi ne ya miƙa igiyar ga mai tsaron ƙofa, ya fita da ƙarfi, haɓa a ƙirji, gwiwar hannu a manne da jiki, ƙafafu a haɗe, tafin hannu a kan laimar ko-ta-kwana da ke gabansa. Da laima samfurin T-11 yana ƙirga daƙiƙa shida. In bai ji fizgar buɗewa ba, ya ja ta ko-ta-kwana nan take, ba shawara. Wanda ya bar igiyar ta zagaya damtsensa, tana iya yage masa tsoka. Wanda ya fita a sanyaye kuwa iskar jirgi za ta juya shi, igiyoyin su murɗe a bayan wuyansa, sai ya kama su ya buɗa yana wasa da ƙafafu kamar mai tuƙa keke kafin su warware.

Sai faɗuwar, inda aka fi jin ciwo. T-11 na saukowa da gudun kusan mita 6 a daƙiƙa, an kuma yi ta ne don ta ɗauki kilo 180, soja da kayansa. Kafin ya taɓa ƙasa yana sakin jakar kayansa ta rataya a igiya a ƙarƙashinsa, ya haɗe ƙafafu da gwiwoyi, ya ɗan lanƙwasa su. Sassa biyar ke taɓa ƙasa bi da bi: gaban tafin ƙafa, gefen ƙwauri, gefen cinya, ɗuwawu, gefen baya. Mai leƙen ƙasa yakan miƙa ƙafa ɗaya don ya tarbe ta, a nan idon sawu ke karyewa. Sojan da ya karye a filin dira kuma ba shi kaɗai aka rasa ba, har da waɗanda za su tsaya ɗaukarsa.

Tambaya: Wanda ya ci kwas ya samu bajo, ya zama sojan laima ke nan har ya yi ritaya? Daga wata mai karatu.

Amsa: Bajon nasa ne, Malama, amma hannu yana mantuwa. Shi ya sa a Amurka sai soja ya yi dira aƙalla sau ɗaya cikin kowane wata uku kafin ya ci gaba da karɓar alawus ɗin dira, kuma kafin kowace dira ana maimaita darasin faɗuwa da na matsalar laima. Dira huɗu a shekara ma, gaskiya, ta riƙe alawus ce kawai. Ba ta isa ta shirya mutum ga dirar dare da cikakkun kaya ba.

A nan ne tilasta wa kowa ke zama cuta. Jiragen atisaye ƙidayayyu ne, masu naɗe laima ƙidayayyu ne, kuma da iskar ƙasa ta haura kimanin kilomita 24 a awa sai a soke dirar atisaye. Kujerar da aka ba akawun ofis don ya cika ƙa'ida, an ɗauke ta ne daga hannun mai ɗauke da bindiga mai jigida. Wannan lissafi ne ya sa a 2025 sojojin Amurka suka cire kimanin guraben aiki 20,000 daga jerin masu karɓar alawus ɗin dira, domin na sahun gaba su samu ƙarin atisaye.

Shugabanni ne kaɗai ba mu yi wa rangwame. Hafsan da zai umarci mutane su fita ta ƙofar jirgi da tsakar dare, ya kamata a ga shi ma a layin.

Tambaya: To wai har yanzu ana dirar yaƙi kuwa, ko ado ne?

Amsa: Ana yi, jefi-jefi. Birtaniya rabonta da saukar da bataliya a fagen yaƙi tun Nuwamban 1956 a filin jirgin El Gamil da ke Masar, lokacin rikicin Suwez. Amurka ta saukar da kusan soja 1,000 na birged ta 173 a Bashur, arewacin Iraƙi, ranar 26 ga Maris 2003. Faransa ta saukar da sojojinta a Tumbutu cikin dare a ƙarshen Janairun 2013. A biyun ƙarshe an aika masu dira ne su riƙe ƙasa, sauran dakaru da manyan kaya kuma suka iso ta jirgin da ya sauka a kan tayoyinsa ko ta mota.