Tambaya da Amsa: A ina zan kafa sola a jirgin ruwa mai filafili?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ina da ƙaramin jirgin ruwa mai filafili, tsawonsa mita 10. In muna tafiya babu matsala, amma da na sauke anga na kwana biyu a waje ɗaya sai batir ya fara ja da baya, dole kullum in kunna inji awa guda ko biyu don caji kawai, ga ƙara ga wari ga ƙona dizal. Ina da firij ƙarami, fitilu, famfon ruwa, sai cajin wayoyi. Na yi niyyar in sayi babban fanel guda ɗaya mai wat 400 in shimfiɗa shi a rufin ɗaki in huta. Ya ka gani? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tunanin sola ɗin daidai ne, inji ya yi ta juyawa ba kaya a kansa ma ba alheri ba ne gare shi. Amma don Allah kar ka sayi wannan babban fanel ɗin tukuna, domin wurin da ka zaɓa masa shi ne mafi muni a duk jirgin, kuma zan faɗa maka dalili.

Mu fara da lissafi. Jirage irin naka bolt 12 suke amfani da shi. Firij shi ne sarkin ci, a wuri mai zafi yana iya shan amfa-awa (ma'aunin yawan wutar da ake ci ko ake ajiyewa a batir) 40 zuwa 50 a yini, sauran tarkacen su fitila da famfo da waya ka ba su kamar 20 ko 25, in fitilunka LED ne. Ka ga mun kai wajen 70 kenan. Fanel mai wat 100 in ya samu rana mai kyau ba abin da ya tare shi, yakan ba da amfa-awa 25 zuwa 30. Kenan wat 300 ya ishe ka a takarda. Ka kuma tuna fitilar anga, farar nan da ake gani ta ko'ina, dokar kauce wa karo a teku ta 1972 ta wajabta maka barin ta a kunne duk dare, to in tsohon kwan fitila ne a ciki ka canja shi zuwa LED tun kafin ka kashe kuɗi a sola, shi ne gyara mafi sauƙi da za ka yi.

To yanzu ga ainihin maganar, inuwa. Fanel ba abu ɗaya ba ne, ƙananan gidaje ne aka jera ɗaya na bin ɗaya, a ƙaramin fanel sau da yawa guda 36, wuta sai ta ratsa kowanne kafin ta fita. Kamar tiyo ne, in ka taka shi a waje ɗaya ruwan gaba ɗaya ya ragu. Shi ya sa inuwa ƴar siririya da ta faɗa kan gida ɗaya ko biyu za ta iya cinye kashi ɗaya cikin uku, ko rabi, ko ma fiye, na abin da fanel ɗin ke bayarwa, ba gwargwadon faɗinta ba. Na taɓa tsayawa da mita a hannu ina kallo, fanel na ba da amfa 5 da ɗoriya, jirgi ya ɗan juya inuwar sandar filafili ta kwanta a gefensa, nan take allura ta sauko ƙasa da 2, alhali rana tana nan tsaka ƙwal. Kuma jirgi mai filafili ai gidan inuwa ne, ga doguwar sandar tsakiya, ga ta kwance mai riƙe da gindin filafili, ga igiyoyi ta ko'ina. Rufin ɗakin da kake magana a ƙarƙashin sandar kwancen yake daidai. Abin da ya ƙara ɓata lamarin, jirgi a kan anga ba ya tsayawa waje ɗaya, iska da igiyar ruwa suna ta juya shi, ba kamar rufin gida ba da za ka saita fanel sau ɗaya ka manta. Inuwar da babu ita da hantsi za ta zo da azahar.

Saboda haka ni shawarata ka koma can baya. Wuri mafi kyau shi ne a ƙera maka baka na ƙarfe a ƙarshen jirgi, sama da kai, a ɗora fanel biyu masu firam a kai, wat 150 kowanne ko abin da faɗin wurin ya ɗauka. Nan ne ya fi nisa da sanduna, kuma iska na ratsa ƙarƙashinsu tana sanyaya su, wannan ma ba ƙaramin abu ba ne don wat ɗin da ke rubuce a jikin fanel an auna shi ne a digiri 25, duk digiri ɗaya da ya hau yana rage masa wajen kashi 0.4 cikin ɗari, fanel kuwa a rana ya fi ƙarfin ka ɗora masa tafin hannu. In baka ya yi maka nauyi, rumfar da ke kan matuƙi ma tana yi, ko ka maƙala su a jikin shingen gefe ta baya yadda za ka ɗaga su kamar fiffike in kana kan anga, ka sauke in za ka tashi. Fanel masu lanƙwasuwar nan da ake mannawa a daɓen jirgi, gaskiya ban cika son su ba sai in babu yadda za a yi, suna ɗaukar zafi, ana taka su, ba sa daɗewa kamar masu gilashi.

Biyu ƙanana sun fi ɗaya babba, kar ka haɗa su siris, wato ɗaya na bin ɗaya, ka yi faralel, wato wutar kowanne ta fita ba sai ta ratsa ɗayan ba, in da hali ma kowanne ka ba shi kwantirolarsa, na'urar da ke daidaita caji tsakanin fanel da batir, irin wadda ake kira MPPT, in inuwa ta kama na dama na hagu ya ci gaba da aikinsa.

Sai gishiri, shi kam ba ya yafiya. Waya ka nemi ta jirgin ruwa wadda aka shafe tagullarta da kuza, mai kauri, don ta gida cikin ƴan watanni za ka feɗe ta ka tarar ta yi baƙi ko kore har can ciki. Ƙarfe da kusoshi su zama sitenles, wato ƙarfen da ba ya saurin tsatsa, mai lamba 316, amma firam ɗin fanel alminiyom ne, in suka haɗu kai tsaye ga ruwan gishiri sai ka fara ganin farin gari na fita a gindin kusa, firam ɗin ne ke cinyewa, to ka sa zoben roba a tsakani. Fiyus ya zauna dab da batir. Wajen haɗawa batir ake fara jonawa da kwantirola sannan fanel. Ramin da waya za ta shiga ta jikin jirgi a toshe shi sosai, ruwa in ya samu hanya ba ya sallama. Kuma ka ɗaure su yadda za ka iya kwancewa in an ce guguwa na tafe, fanel a iska mai ƙarfi filafili ne shi ma.

TAMBAYA: Malam ni na riga na kafa wat 200, da rana komai lafiya amma kafin asuba firij ya mutu. Fanel zan ƙara? Daga wata mai karatu.

AMSA: Ƴar'uwa ki duba kwantirola da la'asar tukuna. In ta nuna batir ya cika tun rana na sama, to ba fanel ba ne matsalarki, ma'ajiyar ce ta yi kaɗan ko ta tsufa. Batir mai ruwa rabinsa kawai ake ci, mai amfa-awa 100 ki ɗauka 50 gare ki, in ana wuce haka kullum da wuri yake mutuwa, na litiyom kuwa ana iya cin kashi 80. In kuma har magariba bai cika ba, ki shafa yatsa a gilashin fanel ɗin, in ya fito da farin gishiri ko kika ga kashin tsuntsu ki wanke da ruwan daɗi da tsumma mai laushi, ki sake duba mita washegari a daidai wannan lokacin kafin ki sayi komai.