Na daina karatu don kada in kwaikwayi wasu: shawara ga mai rubuta labarin almara

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na daɗe ina rubuta wani labarin almara, irin mai ƙirƙirarrun dauloli da matsafa da yaƙe-yaƙe, kuma niyyata in fitar da shi da kaina a intanet ba tare da na bi ta kamfanin ɗab'i ba. Na zana taswira, na tsara jerin sarakuna har da harshen mutanen ƙasar, amma labarin kansa bai wuce babi shida ba. Na kuma daina karanta littattafan wasu don kada salonsu ya shiga nawa, ga shi lokacin ma ba ya isa. Shin marubutan da ke cin gashin kansu a wannan fanni suna karatu kuwa? Yaya suke raba lokacinsu?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Suna karatu, kuma waɗanda suka daɗe a harkar suna lissafa shi cikin aikin ranar kamar yadda suke lissafa rubutun. Bari in fara da tsoron nan naki, domin shi ne ya fi yi miki ɓarna.

Wanda ya rufe littattafai bai tsira daga kwaikwayo ba. Abin da ya rage a kansa shi ne 'yan littattafan da ya karanta yana ƙarami da finafinan da kowa ya gani, kuma daga nan zai riƙa ɗiba bai sani ba. A cikin rubuce-rubucen da ake kawo mini in duba, waɗanda suka fi kama da na jama'a su ne na masu alfahari da cewa ba sa karanta kowa. Maraya ne a wani ƙauye, sai ga tsoho mai farin gemu ya zo ya shaida masa cewa shi ake jira, sai a miƙa masa takobin ubansa. Marubucin yana ganin shi ya fara kawo wannan, alhali mai karatun almara ya sha haɗuwa da shi har ya gundure shi. Da ya yi karatu da yawa, da ya san hanyar ta sha taku, sai ya kauce mata ko ya bi ta da gangan yana da abin da zai ƙara.

Gaskiya ne muryar marubuci mai ƙarfi takan bi mutum har cikin shafinsa. Maganinta sauƙi ne. Lokacin da kike tsakiyar rubutun farko, ki karanta abin da ya yi nisa da naki: tarihi, labarin tafiye-tafiye, labarin bincike na 'yan sanda. Idan kin kammala kin ajiye shi ya huce, sai ki koma kan almara. Abin da ya maƙale na salon wani, a wajen gyara ake cire shi.

Karatun marubuci kuma ya sha bamban da na mai neman nishaɗi. Ki karanta littafi sau ɗaya don daɗi, sannan ki dawo babin farko da fensir a hannu. Ki ƙirga baƙin sunaye nawa aka jefo miki a shafi goma na farko, na mutane da na garuruwa. Ki duba a wane shafi sihiri ya fara bayyana, da abin da ya ci wa mai yin sa. Ki sa alama a inda kika ji kina son ajiye littafin, ki tambayi kanki me ya faru a wurin: bayani ne ya yi tsawo, ko jarumar ce ta daina son wani abu? Daga nan ki ɗauko naki babin ki yi masa irin wannan ƙidaya. Sau da yawa mai sabon rubutu yakan tarar ya zuba sunaye ashirin kafin wani abu ya faru, shi kuwa wanda yake sha'awar rubutunsa huɗu ko biyar ya bayar.

Ki kuma karanta sababbin littattafai na masu buga kansu, domin su ne za su zauna kusa da naki a kasuwa. Akwai gasar SPFBO da marubuci Mark Lawrence ya kafa a 2015 don littattafan almara irin waɗannan: ana karɓar littafi 300, a raba wa rukunin alƙalai goma, kowane rukuni ya fitar da guda zuwa zagayen ƙarshe. Waɗannan goman jerin karatu ne da wasu suka riga suka tace miki. Ki lura da bangonsu, da tsawonsu, da yadda aka rubuta ɗan bayanin da ke jawo mai saye. Ki leƙa sharhin masu karatu, musamman na waɗanda suka ba da tauraro uku cikin biyar, domin su ne suka gama littafin kuma suka faɗi abin da ya dame su ba tare da zagi ba.

Sai karatun da ba na almara ba, wanda a ganina shi ke raba marubuci da saura. Mai karatu zai yarda da dodo mai aman wuta, amma ba zai yafe rundunar da ta ratsa daula cikin kwana biyu ba. Rundunar ƙasa mai tafe da kaya da dabbobi da wuya ta wuce kilomita 20 a rana, kuma kullum sai an ciyar da ita. Wanda ya san wannan ya samu labari kyauta: wa ke kawo abincin, wa za a ƙwace wa, me zai faru in ruwan sama ya tsare hanya. Masu gina duniyar labari irin taki sukan kafa hujja da Tolkien, marubucin The Lord of the Rings, cewa ai shi ma harsuna ya fara ƙirƙira. Haka ne, amma malamin jami'a ne a Oxford mai albashi, wanda aikinsa shi ne karanta tsofaffin rubuce-rubucen Ingilishi da na arewacin Turai, kuma daga cikinsu ya ɗebo. Babban labarinsa ya fito a 1954 da 1955, kundin tarihin duniyar tasa kuwa bai ga haske ba sai 1977, shekara huɗu bayan rasuwarsa.

Wannan ya kawo ni kan babi shidan nan naki. Zanen taswira da jera sarakuna suna da daɗi saboda ba sa kunyata mutum, babi na bakwai kuwa yana iya fitowa da muni. Shi ya sa hannu ke gudu can. Ki rufe taswirar yanzu. Kada ki ƙara wa duniyar komai sai abin da babin da ke gabanki ya nema. Abin da ya kamata ki riƙe shi ne ɗan kundi na abin da kika riga kika faɗa a cikin labarin: launin idon wane, kwana nawa tsakanin birni da birni, da dokokin sihirin. Idan a babi na uku kin ce matsafiya takan rasa ganinta na kwana guda duk sanda ta kira iska, to a babi na ashirin ba za ta kira iska ta kuma hango maƙiyi daga nesa ba. Masu karatun almara ba sa mantuwa, kuma za su rubuto miki.

Batun lokaci, lissafi ne kawai. Littafin almara na manya yakan kai kalma 90,000 zuwa 120,000. Mai rubuta kalma 500 a rana zai haɗa 100,000 cikin kwana 200. Kalma 500 ba ta fi aikin awa ɗaya ba ga mafi yawan mutane in sun san abin da zai faru a babin. Yawancin marubutan nan suna da wani aikin da ke ciyar da su, don haka sukan ba rubutu lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi sabo, su bar karatu ga gefen rana: kafin barci, cikin mota, ko ta sauraren littafin murya ana wani aiki. Sannu ba ta hana zuwa.

Akwai kashi na uku da ba ki ambata ba, kuma shi ne zai ci lokacinki fiye da karatu. Mai buga kansa shi ne kamfanin. Ke za ki nemo edita ki biya shi, ke za ki nemo mai zanen bango, ki tsara shafuka, ki samo masu karatun gwaji, ki tara adireshin imel na masoya littafinki. A dandalin KDP na Amazon, inda marubuta ke buga littattafansu da kansu, tsarin da aka daɗe a kai shi ne marubuci ya samu kashi 70 cikin ɗari in farashin littafin na'ura yana tsakanin dala 2.99 da 9.99, in ya fita daga nan kuma kashi 35, kuma kashi 70 ɗin a cinikin wasu ƙasashe kaɗai yake aiki. Ana kuma cire kuɗin isarwa gwargwadon nauyin fayil, saboda haka taswirarki mai launi in ba a matse ta ba za ta riƙa gutsurar ribar kowane kwafi. In kika shiga tsarin Kindle Unlimited, wanda masu karatu ke biyan kuɗin wata su karanta littattafan da ke ciki, ana biya ne bisa shafukan da aka karanta, wajen rabin santi ko ƙasa da haka a kowane shafi, da sharaɗin ba za ki sayar da littafin na'urar a wani wuri ba har kwana 90. Dogon labari yana cin moriyar wannan, muddin an karanta shi har ƙarshe.

Daga waɗannan alkaluma za ki gane dalilin da ya sa kusan kowa a fannin jerin littattafai yake yi. A misali, mutum ɗari sun sayi littafi na ɗaya a kan santi 99, kin samu kimanin dala 35. In arba'in daga cikinsu suka zarce na biyu a kan dala 4.99, wannan kaɗai ya kusa dala 140. Kuɗin yana wajen waɗanda suka ci gaba da karatu, kuma ba talla ke sa su ci gaba ba. Za ki ji ana cewa sai kin riƙa fitar da littafi duk wata uku kafin ki tsira. Wasu suna iyawa. Da yawa kuma karatu suke fara yankewa don su cim ma wannan gudu, sai ka ga littafinsu na huɗu maimaicin na biyu ne da sababbin sunaye, masu karatu su zame ɗaya bayan ɗaya. Ni dai na fi ganin amfanin littafi guda a shekara daga mai karatu a kan huɗu daga wanda ya daina.

A halin da kike ciki, duk maganar farashi da bango ta jira tukuna, tunda babu littafin da za a sa wa. Ki zaɓi littafin almara guda da ya fito cikin shekaru biyar da suka wuce, ki yi masa karatun fensir a makon nan. Ki rubuta a layi biyu abin da jarumarki take so a babi na bakwai da wanda zai hana ta, sannan ki rubuta babin ko da bai yi miki kyau ba. Kada ki koma gyaran shidan farko sai kin kai ƙarshen labarin, domin sai a lokacin za ki san nawa ne daga cikinsu za su tsira.