Tambaya da Amsa: Dillalin Dubai ya ce yana da gurbi a Ferrari, mu tura kuɗi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya ya aiki. Ni yaron gida ne a wani wajen saida motoci a Zoo Road, harkarmu dai Corolla, Camry, Highlander, in abu ya yi tsada Prado ko Lexus. Toh akwai wani Alhaji kwastoman maigidana da ya ce shi yanzu Ferrari yake so kuma ba wadda kowa zai iya samu ba, irin ƴan ƙalilan ɗin nan da ake ƙerawa. Mun samu wani dillali a Dubai ta Instagram ya ce yana da gurbi a kamfani, wato layin odar mota, a tura masa kashi 30 kafin alƙalami mota ta fito baɗi. Abin da ya ɗaure min kai, me zai hana Alhaji da kuɗinsa ya je kamfani kai tsaye? Kuma wai da gaske ne kamfanonin nan ba sa ga maciji da dillalai? Daga wani mai karatu, Gandun Albasa.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Alhaji zai iya shiga shagon dilan Ferrari a Dubai ko Afirka ta Kudu ya saya mota lafiya lau, amma ta gama-gari, ita wadda yake nufi kuɗi kaɗai ba sa sayenta, kamfani ne yake zaɓar wanda zai sayar wa. Lokacin da suka fito da LaFerrari a 2013 guda 499 kacal suka ce za su yi, kuma mutanen da suka riga suka tara Ferrari a garejinsu shekara da shekaru su aka kira aka ce ga dama ta samu. Akwai wani attajiri Ba'amurke, Preston Henn, da ya aika cek na dala miliyan ɗaya kafin alƙalami don LaFerrari Aperta a 2016, aka maido masa da abinsa, ransa ya ɓaci har ya kai su kotu ya ce sun zubar masa da mutunci, daga baya ya janye ƙarar. Toh wannan fa mutum ne mai tarin Ferrari, ina ga Alhajinmu da ko ɗaya bai taɓa saya ba.

Kaga kuwa duk inda aka ƙirƙiri ƙarancin kaya da gangan sai ɗan tsakani ya ɓullo, kamar dai yadda layin mai yake haifar da ƴan bumburutu. Wanda kamfani ya ba gurbi ya biya farashin kamfani, mota na isowa kasuwa ta ninka kuɗinta, dillali ya zo ya ce ranka ya daɗe ga mai saye a hannu ka ci ribarka in ci la'adata. Porsche sun ga haka da 911 R a 2016, guda 991 suka yi farashinta bai kai dala dubu 200 ba, nan da nan ana tallarta a ninki biyu ninki uku, abin ya ƙona musu rai har shekarar da ta biyo suka fito da GT3 Touring mai giyar hannu mai kama da ita wadda ba a ƙayyade adadi ba, farashin ƴan juyi, masu saye su sayar don riba, ya sauko.

Batun gabar da ke tsakanin kamfanoni da dillalai kuwa gaskiya ne, kuma har kotu ake zuwa. Ford da suka yi sabuwar GT a 2017 sai ka cike takardar nema tukuna an tantance ka, sannan ka sa hannu cewa ba za ka sayar ba sai bayan wata 24. John Cena ɗan kokawar nan da yaranmu suke kallo ya samu tasa a sama da dala dubu 450 ya juya ta cikin ƴan makonni, Ford suka maka shi a kotu, sai a 2018 aka sasanta ya biya kuɗi. A 2018 ɗin dai aka yi gwanjon wata GT ɗin a wajen Mecum, wani kamfanin gwanjon motoci a Amurka, ta tashi dala miliyan 1.8, su ma Ford ba su ƙyale su ba. Shugaban Rolls-Royce na lokacin ya faɗa a fili a 2023 cewa duk wanda ya karɓi motarsu Spectre ya juya ta don riba an rufe masa ƙofa har abada, shi kuma Tom Hartley, babban dillalin motocin alfarma a Ingila, ya mayar da martani cewa ba adalci ba ne mutum ya biya wannan uban kuɗi sannan a gaya masa yadda zai yi da kayansa.

Ni a ganina Hartley yana da gaskiyarsa, abin da na saya da gumina nawa ne, kuma kamfanonin nan suna da baki biyu, don tashin farashin da suke kuka da shi shi ne yake ƙara wa sunansu daraja, haushinsu kawai ribar ta faɗa aljihun wani. Amma wannan rigimar manya ce, kai abin da ya shafe ka shi ne me mutumin Dubai yake sayarwa.

Gurbi fa ba mota ba ce, alkawari ne da aka yi wa wani mutum daban da sunansa, kuma shi wannan mutumin in kamfani ya ji ƙishin-ƙishin ya sayar da layinsa za su iya soke odar gaba ɗaya, lokacin kuɗin Alhaji sun riga sun bi ta hannu biyu ko uku kowa ya yanki nasa. Sau da yawa ma mota ɗaya ce dillalai goma suke tallarta da hoto iri ɗaya babu wanda ya taɓa ganinta ido da ido, kai ma ka san wannan wasan a Kano, mota tana Kwatano ana cinikinta a Zoo Road. In abu ya lalace Alhaji ba zai nemi ɗan Instagram ba, maigidanka zai riƙe, maigidanka kuma ya juyo kanka.

Don haka ku ce wa Alhaji a nemi motar da take ƙasa, mai lambar shasi da takardun mallaka da tarihin sabis daga dilan kamfani, a tura wanda ya san abin ya je ya duba da idonsa, a tabbatar wa'adin hana sayarwa ya ƙare in akwai, kuɗi kuma su zauna hannun lauya sai an miƙa makulli. A duba sitiyari ma, na Ingila a dama yake kuma dokarmu ba ta yarda da shi ba. In dillalin ya fara cewa ai sirri ne ba zai nuna takardar oda ba, ku yi masa sallama.

TAMBAYA: Malam ni bakanike ne a Ƙofar Ruwa, in irin motar nan ta shigo Kano za mu iya taɓa ta kuwa?

AMSA: Maigida ko canjin baƙin mai ne ka yi hattara, sauran kuwa na'urar kamfani ce take karanta kwamfutarta kuma Ferrari ba su da dila a Najeriya, sai dai a ɗauko injiniya daga waje da kayan aikinsa ko a loda motar a jirgi. Ga fetur ɗinmu bai kai ingancin da injinta yake so ba, ga ƙasanta dab da kwalta, tudun rage gudu ɗaya na cikin unguwa ya isa ya fasa mata bamba. Shi ya sa masu ita da yawa suke barinta a Landan ko Dubai, sai sun je hutu su hau.